Fankar Falonmu

Sallama gare ku 'yan uwa masu bibiyata. Wancan makon da na ba ku labarin yadda nake jan ƙafa a maganar aurena da Darakta, wasunku sun wanke ni tas a ƙasan rubutun. Wata ta ce girman kai ke damuna, wata kuma ta ce in ba na so in turo mata lambarsa. 'Yar uwa, yau kyauta zan ba ki lambar, amma ki daure ki karanta wannan tukuna. Da hannun hagu nake buga rubutun nan, na dama yana naɗe da bandeji, don haka in kun ga kuskure ku yi mini uzuri.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: aikina gyaran sauti ne a wani situdiyo da ke yin finafinan barkwanci na waya. Ni ce ke cire kukan akuya da ƙarar janareta daga bayan maganar 'yan wasa. Shekara uku ina wannan aikin, har kunnena ya lalace da jin abin da mutane ba sa ji. Mai situdiyon shi ne Darakta, wanda kuka sani, mai farar shadda da agogon da ya fi wuyan hannunsa girma. Da barkwanci ya yi suna. Da zaɓe ya matso sai ya koma yi wa Onarabul, ɗan majalisarmu, waƙoƙi da gajerun finafinai, kuma ko a jikinsa. In na yi magana sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai gyara sauti, siyasa ai wasan kwaikwayo ce, mu kuma 'yan wasa ne."

A gida kuwa ya riga ya gama da kowa. Mama in ta ji tsayuwar motarsa har gyaran ɗaurin ɗankwali take yi. Gwaggo, yayar Baba, ita ce ta kafa ta tsare. Duk zuwan da za ta yi sai ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Shekara ashirin da bakwai, kullum kunne a toshe da wannan abin kamar matuƙin jirgi. Yaron nan 'yan mata layi suke yi a kansa, ke kina nan kina yanga." Baba ne kawai bai taɓa cewa uffan ba. In an matsa masa sai ya ce, "Uwata ta san abin da take ji." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Baba hedimasta ne, shekara talatin da ɗaya yana riƙe da alli. Duk zaɓe shi ake ɗauka ya jagoranci ƙidaya a makarantarsa, saboda kowa ya san ko ruwan leda ba ya karɓa a hannun ɗan siyasa. A wannan karon wani tsohon ma'aikacin gidan ruwa da ake ce wa Mai Famfo ne ya fito ya kara da Onarabul. Aka ƙirga ƙuri'u a gaban jama'a: Mai Famfo ɗari huɗu da goma sha biyu, Onarabul casa'in da shida. Wakilan kowa suka sa hannu, Baba ya sa nasa, ya riƙe kwafinsa. Washegari rediyo ta karanta lambobin nan a juye. Baba bai yi hayaniya ba, ya ninke takardarsa ya ce ranar Talata zai kai wa magatakardan kotu, domin ƙarfe huɗun yammar ranar ake rufe karɓar takardun shaida.

Yanzu ga inda laifina yake, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Wata biyu kafin zaɓe Darakta ya zo gidanmu da wata 'yar ƙaramar makirfo, ya durƙusa gaban Baba har ƙasa, ya ce yana shirya fim a kan tsofaffin malamai, yana so Baba ya ba shi tarihinsa. Baba ya sa farar jallabiyarsa da hular da yake zuwa taron iyaye da ita, ya zauna a kujerarsa ta falo, ya yi magana ta awa guda cur. Ni aka ba aikin gyarawa. Darakta ya ce in wanke muryar tas, in yanka ta jimla-jimla, in jera masa. Na yi kwana huɗu a kai ina jin daɗi, ina cewa a raina ashe dai mutumin nan yana da zurfi.

Abu ɗaya ne ban cire ba. Fankar silin ɗinmu tana da fiffike guda da ya lanƙwashe tun ranar da ake shigo da kabad, don haka duk zagaye uku sai ta yi wani ɗan ƙet. Da wannan ƙarar na girma, da ita na yi karatun jarrabawa, da ita na yi zazzaɓi. Da na zo goge ta sai na ji kamar zan goge gidanmu. Na rage ta can ƙasa, yadda babu mai ji sai wanda ya san tana nan, na bar ta.

Ranar Talata da safe ina ɗaki ina guga, na shimfiɗa doguwar rigata ruwan toka zan sa in raka Baba kotu. Wayata ta fara rawa a kan gado ba ƙaƙƙautawa. Guruf ɗin 'yan ajinmu, guruf ɗin matan unguwa, har na 'yan uwan Mama. Saƙon farko da na buɗe daga wata ƙawata ne: "Ke, wai da gaske Babanku ne?" Na biyu: "Allah ya isa tsakaninmu da ku." Na uku saƙon murya ne na daƙiƙa arba'in, an rubuta a samansa wai a ɓoye aka ɗauka a ajin da aka yi ƙidaya.

Na danna. Muryar Baba ce, wallahi muryarsa ce, har da gyaran muryar da yake yi kafin ya fara magana. "Ni da hannuna na dangwala wa Mai Famfo ƙuri'un nan. Waɗannan 'yan unguwar ai tumaki ne, ni na koyar da su, na san babu komai a kansu. Duk lambar da na rubuta ita za su haɗiye."

Na fito falo da gudu, ƙarfen gugar ma ban kashe ba. Baba yana zaune da kofin shayinsa, tabarau a kan hanci. Na miƙa masa wayar. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye kofin a hankali.

"Wannan mutumin ya iya ni," ya ce. "Amma ni ban taɓa kiran ɗan wani tunkiya ba."

"Baba, mu bar gidan nan yanzu."

"In gudu in ce me? Wanda ya gudu ai ya amsa."

Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana salati. Gwaggo, da ta kwana a gidanmu, tana biye da ita tana cewa a kira Darakta, shi ya san manya. Baba ya shiga ɗakina, na ji yana taɓa kayana, ya fito da jakar aikina ya rataya mini a wuya. "Duk abin da zai faru, kar ki rabu da jakar nan." Haushi ya kama ni. A raina na ce, ana maganar rai, shi yana maganar kayan aiki.

Dutsen farko ta tagar falo ya shigo. Gilashi ya watse a kan kafet, wani ɓallin ya faɗa cikin shayin Baba. Sai ihu, kamar an buɗe kasuwa a ƙofar gidanmu. "Fito! Fito ka ga tumaki!" Suna dukan get da ƙarafa, wani yana busa usur, wata babbar lasifika a kan babur tana ta maimaita muryar Baba. Ina jin mahaifina yana zagin mutane a waje, alhali ga shi tsaye a gabana bakinsa a rufe.

Get ɗin bai yi minti biyar ba ya kwanta. Baba ya tura mu bayan labulen ɗakin Mama, ya gyara hularsa, ya fita tsakar gida da hannuwansa biyu a sama. Na leƙa ta gefen labule. Sun fi mutum hamsin, wasu da gora, wasu da sarƙar babur, kusan rabinsu kuma wayoyinsu a sama suna ɗauka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san fuskokin. A gaba akwai mai waldan bakin layinmu, wanda Baba ya taɓa zuwa har gidansu ya roƙi ubansa kar ya cire shi daga makaranta. Kuma na san Mai Famfo ya zaɓa, don da bakinsa ya gaya mana.

"Ɗana," in ji Baba, "ka san muryata, amma ka san halina. Wanne za ka..."

Bai ƙarasa ba. Mai waldan ya sauke masa sarƙa a fuska. Na ji ƙarar fashewar tabarau. Baba ya dafe idonsa ya durƙusa, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa yana sauka a farar jallabiyar. Suka rufe shi. Ƙafa, gora, bulo. Wani ya ɗauki bokitin ƙarfen Mama ya buga masa a baya. Ban san lokacin da na fita ba. Na faɗa kansa na rungume shi, ina ihu ina cewa ƙarya ce, ba shi ba ne. Wani ya fizgi mayafina, wani ya taka mini hannun dama da takalmi mai ƙarfe a baki, na ji yatsuna sun yi ƙas. Wata mata da muke gaisawa kullum a wurin ɗiban ruwa ta tofa mini yawu a ido. A ƙarƙashina ina jin Baba yana numfashi da ƙyar, yana cewa, "Jakar, Uwata, jakar."

Sai na ji warin fetur. Wani ya shigo da jarka, wasu biyu suna mirgino taya ta kan get ɗin da ya faɗi. Mama ta zube a bakin ƙofa ta suma. A lokacin na sallama, na fara kalmar shahada.

Daidai nan hon ɗin mota ya cika layin. Baƙar motar Darakta ce. Ya fito cikin shaddarsa fara ƙal, ya hau kan bonet, ya ɗaga hannu. "Jama'a! Ku dubi Allah! Ku bar wa hukuma!" Kun san yadda suke son sa. Nan take wasu suka fara kiran sunan da yake amfani da shi a fim, suna tafi. Ya sauko ya ratsa su, ya ɗauki Baba a kafaɗa, jini ya ɓata masa shadda. A bayansa mai kyamarar situdiyonmu yana tafe da baya-baya, yana ɗauka, har ya durƙusa don ya samu fuskar Darakta daga ƙasa. Ko a cikin wannan tashin hankalin sai da wani abu ya ɗarsu a raina: yaushe aka samu lokacin ɗauko babbar kyamara? Amma na kori tunanin, domin mutumin nan ya ceci ran ubana.

Kafin azahar muna asibiti. An yi wa Baba ɗinki a goshi da leɓe, haƙarƙari biyu sun karye, an naɗe masa idanu duka biyu. Likita ya ce na hagun sai dai addu'a. Ni aka ɗaure mini yatsu uku. Mama tana zaune a bakin gadon da zaninta duk ƙasa, ta riƙe ƙafar Baba kamar za a ƙwace mata. Gwaggo kuwa baki ya buɗe. Duk nas ɗin da ta shigo sai ta nuna mata waya, inda bidiyon Darakta ɗauke da Baba ya riga ya zagaye gari, an sa masa kiɗa mai sa kuka.

"Kin gani ko?" ta ce mini. "Wanda kike wa yanga ne ya fid da mu kunya. Wallahi yana tashi daga gadon nan za a sa rana, in ba haka ba ni da ke ne."

Na fita baranda na zauna a kan benci. Abu ɗaya ke cina: yaya aka yi muryar? Na buɗe jakar da Baba ya rataya mini, na zaro akwatin hedifon ɗina na aiki. Ina buɗewa na ga farar takarda a ninke huɗu, an cusa ta ƙarƙashin wayar hedifon. Takardar sakamakon ce, da hatimi, da sa hannun Baba mai kama da ƙugiya. Hawaye ya zubo mini. Na mayar da ita, na sa hedifon a kunne, na ƙure ƙarar, na sake kunna saƙon.

A karo na farko maganar kawai na ji. A karo na biyu na daina sauraron maganar, na saurari bayanta, yadda nake yi a wurin aiki. Can ƙasa, ƙarƙashin kalmar tumaki, sai ga shi. Ƙet. Na ƙirga a raina, ɗaya, biyu, uku. Ƙet.

'Yan uwa, makarantar Baba ko wayar lantarki babu, balle fanka. Wannan fankar falonmu ce. Na'urar kwaikwayon murya da aka ɗura wa muryar Baba ta haddace shi har da fankar, domin ni na bar ta a ciki. Kuma mutum biyu ne kawai a duniya suke da wannan sautin, ni da wanda na miƙa wa.

Ina ɗago kai na ga Darakta yana tahowa a barandar. Ya canza kaya, ya sa shuɗiyar shadda, yana riƙe da ledar lemo da ayaba, nas-nas suna ta ɗaukar hoto da shi. Ya zauna kusa da ni, ƙamshin turarensa ya cika mini hanci.

"Gimbiya, yaya hannun?"

"Ina fim ɗin tsofaffin malamai?"

Ya yi murmushi. "Yanzu lokacin wannan ne?"

Na cire hedifon na miƙa masa. "Saurara. Bayan zagaye uku."

Ya sa, ya saurara. Na ga lokacin da ya ji, domin murmushin ya tsaya cak a fuskarsa kamar hoton da ya maƙale. Ya cire a hankali, ya duba hagu da dama.

"Na ce ki wanke ta tas," ya ce. "Kin ga illar rashin bin umarni."

Wallahi da hannuna lafiya yake da na shara masa mari. "Sun kusa ƙona shi da ransa!"

"Amma ba su ƙona shi ba. Wa ya hana? Ina kan kwanar layinku tun ƙarfe tara, ina kallon agogo. Ba zan bari a kashe surukina ba." Ya matso, ya rage murya. "Ki fahimta. Tsohon nan ba a sayensa, ba a tsorata shi. Abin da ya rage kawai a sa mutane su daina yarda da shi. Yanzu ko ya rantse da me, za a ce ai mun ji shi da kunnenmu. Saura takardar. An birkice gidan ba a gan ta ba, kuma na lura tun safe ba ki ajiye jakar nan ba."

Na ƙanƙame jakar a ƙirjina.

"Ki ba ni, a wuce wurin. Onarabul zai fitar da shi waje a gyara idon. Mu yi aurenmu, kowa ya huta. Zaɓe ne fa, bayan shekara huɗu za a sake wani."

"In na ƙi fa?"

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. "Shekara uku kina turo mini saƙon murya, safe da yamma. Naki ma ya fi na Baba yawa." Ya duba agogonsa. "Uku saura kwata. Ina mota a bakin get har uku da rabi."

Ya shiga ya gaida su Mama, na ji Gwaggo tana sa masa albarka har da guɗa ƙasa-ƙasa, ya fito ya wuce ni ko kallo babu. Na koma ɗakin. Ina zama wayata ta yi ƙara. Saƙon murya daga gare shi, a ƙasa ya rubuta: "Ke kaɗai kika ji. Zuwa yanzu." Da hannun hagu na danna, na manta cewa na riga na zare hedifon daga wayar. Muryata ta cika ɗakin.

"Ni na ɗauki muryar Babana a ɓoye na fitar. Kuma duk abin da ya faɗa ra'ayinmu ne a gida. 'Yan unguwar nan ko a ƙafa aka ɗaura mini su sai na kwance, dabbobi ne." Har da 'yar dariyar da nake yi ta hanci.

Mama, da ta kamo hannuna lokacin da na zauna, ta sake shi a hankali. Wannan sakin ya fi takalmin da ya karya mini yatsu ciwo. Gwaggo ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Ashe macijin a cikin gida yake!"

"Yaya, yi shiru," in ji Baba. Muryarsa a daƙushe, leɓen a kumbure. Ya juyo da naɗaɗɗiyar fuskarsa wajen da nake. "Uwata, ke kika faɗi wannan?"

"Ban faɗa ba, Baba."

"Na sani. Ni ma ban faɗi nawa ba. Waye?"

Da na so, da a nan zan tsaya, in ce Darakta ne, in fita fes. Amma na kalli jinin da ya bushe a gemunsa, na kasa. Na durƙusa a gaban gadon na gaya masa komai: fim ɗin ƙarya, kwana huɗun da na yi ina wanke muryarsa, yadda na yanka ta jimla-jimla na jera wa mutumin kamar kayan lefe, da fankar da na bari. "Ni na ba shi, Baba. Ban san abin da zai yi ba, amma na san wa yake yi wa aiki, na kau da kai saboda ina son a ce ya yaba da aikina."

Mama ta fara kuka marar sauti. Baba ya miƙo hannu. Sai ya laluba ya samo kaina, ya ɗora tafinsa.

"Takardar tana nan?"

"Tana nan."

"Ƙarfe nawa?"

"Uku da minti goma."

"Kin ba shi muryata, wannan ya wuce," ya ce. "Kar ki ba shi sa hannuna."

"Malam!" Mama ta miƙe. "In ya saki wannan abin kashe ta za su yi! Ba ka ga abin da suka yi maka ba?"

"Ban gani ba," in ji Baba. "Amma na ji. Uwata, ba zan ce dole ba. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu ne suka tsaya a rana tun safe, har da wanda ya fasa mini ido. Ba su da wata shaida sai wannan."

Na leƙa ta taga. Ga Darakta can jingine da motarsa, waya a hannu, yana ɗaga wa masu wucewa hannu. Tsoro nake ji, ba zan yi muku ƙarya ba. Na cire takardar na cusa a cikin rigata, na ajiye jakar a kan kujera inda za a iya hangowa ta taga. Na juya zan nemi mayafi, sai na ga Gwaggo, Gwaggon nan dai, ta cire ƙaton hijabinta ruwan ƙasa tana miƙo mini, ba ta iya haɗa ido da ni ba. "Ta wajen masu wanki akwai ƙaramar ƙofa," ta ce. "Ki ja shi har goshi."

Na bi ta bayan ɗakin wanki, na ratsa igiyoyin shanya, na fita wani lungu mai kwata. Uku da rabi ta cika ina tsaye a bakin titi. Wayata ta fara rawa a hannuna, saƙo a kan saƙo, na kashe ta gaba ɗaya. Tasi ta tsaya, na faɗa baya. Akwai fasinja biyu, wani dattijo a gaba da wata mata mai goyo a gefena. Direban ya maƙala wayarsa a jikin gilashi, kafin in rufe ƙofa ya danna wani abu da ya shigo masa.

Muryata ta fito ta lasifikar motar, ras, har da dariyar hancin.

"Kun ji 'yar hedimastan nan?" in ji direban, yana dukan sitiyari. "Mu ne dabbobi! Wallahi in Allah ya haɗa ni da ita, da motar nan zan bi ta kanta."

"Ai wannan muryar ko a mafarki na ji ta zan gane," in ji mai goyon. "Sake sa mana."

Ya sake sawa. Sannan ya ɗago ido ya kalle ni ta madubi. "Hajiya, ina za a kai ki?"

Na buɗe baki, na tuna, na rufe. Minti ashirin da biyar ya rage, takardar tana manne da fatata ta jiƙe da gumi. Na ɗaga hannun da ke naɗe da bandeji na dafe muƙamuƙina kamar mai ciwon haƙori, na nuna masa gaba da ɗan yatsa.

"Allah sarki, sannu," ya ce, ya ja motar. "Ki dai riƙa nuna mini." Ya ƙara ƙarar lasifikar, muka hau titi, ina zaune a bayansa ina sauraron kaina ina zaginsa.